Windows 11: me ya sa wani ke rantsuwa tana gudu, wani kuma na cewa ta kashe masa kwamfuta?

Tun ranar 5 ga Oktoba 2021 da Microsoft ta saki Windows 11 ake wannan musun, kuma har yau bai mutu ba, sai ma ƙara zafi da ya yi bayan 14 ga Oktoba 2025, ranar da kamfanin ya janye hannunsa daga Windows 10. Wani zai ce maka tunda ya ɗora 11 laftof ɗinsa ta dawo kamar yau aka ɓare ta daga kwali, wani kuma ya ce wallahi tunda aka ɗora masa ita ko folda zai buɗe sai ya zauna jira, fanka na ta ihu, batir ba ya kai awa ɗaya. Ni a ganina duk su biyun gaskiya suke faɗa, matsalar dai kowa na magana ne a kan kwamfutar da ke gabansa, ya ɗauka irinta ce a gaban kowa. Toh bari mu bi abin daki-daki, don mu da yawancinmu na hannu muke saya, maganar ta fi shafarmu fiye da Turawan da suka fi kowa hayaniya a kai.

Tushen rigimar shi ne sharuɗɗan da Microsoft ta gindaya. A shekarar 2015 da Windows 10 ta fito, kusan duk kwamfutar da ke ɗaukar Windows 7 za ta ɗauke ta, kuma kyauta aka bayar, har wani ma'aikacin kamfanin mai suna Jerry Nixon ya ce a wani taro ita ce Windows ta ƙarshe, mutane suka riƙe maganar. Shekara shida bayan nan sai ga 11 ta zo da dogon jerin abin da sai kana da shi: RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai 64-bit, Secure Boot mai tsare tashin kwamfutar, TPM 2.0, sannan babbar magana, firosesar ta zama Intel jenareshan (wato zubin ƙira) na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Na farkon nan ba wanda ya damu da su sosai. TPM da jenareshan su ne suka tada ƙura.

TPM ɗin nan wani ɗan ƙaramin guntu ne, ko wani keɓaɓɓen sashe a cikin firosesar kanta, aikinsa ajiye makullan sirri. Fin ɗin da kake shiga da shi, makullin da ya kulle faifan ajiyarka, shaidar cewa ba a taɓa tsarin tashin kwamfutar ba, duk a can ake ɓoye su yadda ko ɓarawo ya cire faifan ya kai wata kwamfuta ba zai iya karanta abin da ke ciki ba. Abu ne mai amfani, ba ƙarya. Kuma mutane da yawa da aka ce musu ba su da TPM suna da shi, a kashe yake kawai a cikin BIOS, wato setin da ake shiga kafin Windows ta tashi, Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM, ka shiga ka kunna shikenan. In kana son dubawa ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta tpm.msc, zai nuna maka ko akwai da kuma ko 1.2 ne ko 2.0.

Maganar jenareshan ita ce ta fi ciwo, domin ita ba a kunna ta a BIOS. Hujjar Microsoft ita ce tsaro da kuma rage faɗuwar kwamfuta. Windows 11 tana son ta riƙa killace zuciyar tsarin a wani ɗaki na daban a cikin RAM, abin da suke kira VBS, yadda ko muguwar manhaja ta shigo ba za ta iya cusa kanta cikin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfutar, ba, kuma tsofaffin firosesa ba a gina su da kayan yin wannan aikin ba, sai dai su kwaikwaya, kwaikwayon kuma yana cin ƙarfi. A watan Agusta 2021 kamfanin ya ce a gwajinsa kwamfutocin da ba su cika sharaɗi ba sun fi sauran faɗuwa da kashi 52 cikin ɗari. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma ga inda ni abin bai kwanta min ba: Intel jenareshan na 7 ma tana da wancan kayan aikin, duk da haka aka yanke ta, sai aka tsame ƙalilan aka ce su sun wuce, ciki har da Core i7-7820HQ, wadda ita ce a cikin Surface Studio 2 da Microsoft ɗin kanta take sayarwa a lokacin da tsadar gaske. In dai fasaha ce zalla ta ja layin, me ya sa layin ya lanƙwasa daidai inda kayan kamfanin suke? Wannan tambayar ce ta sa mutane da yawa suka daina yarda da bayanin tsaro gaba ɗaya, har da ɓangaren da yake gaskiya.

Yanzu maganar gudu, wadda ita ce ake ta kai ruwa rana a kanta.

In ka ɗauki kwamfuta ɗaya tak, mai ƙarfi daidai gwargwado, ka gwada 10 ka gwada 11 a kanta, bambancin da masu gwaji suka saba samu kaɗan ne, nan wannan ta ɗara, can waccan ta ɗara, mai aikin Word da Excel da burauza ba zai ma lura ba. Amma akwai wuraren da bambancin na gaske ne kuma an tabbatar. Satin farko da fitowarta AMD da kanta ta fito ta ce akwai matsala a Ryzen, ma'ajiyar kusa ta firosesa da ake kira L3 tana jinkiri har kusan ninki uku, abin ya rage gudu da kashi 3 zuwa 5 a wasu manhajoji, a wasu wasanni kuma har 10 zuwa 15. An gyara kafin ƙarshen Oktoban 2021, amma sunan da ya ɓaci ya riga ya ɓaci, har yau za ka ji mai AMD na cewa 11 ba ta yi da su, alhali a 2024 ma wani afdet ya ƙara wa Ryzen gudu a wasanni. A ɗaya gefen kuma, daga jenareshan na 12 Intel ta fara haɗa ƙwayoyi iri biyu a firosesa ɗaya, manya masu ƙarfi da ƙanana masu tattalin wuta, kuma Windows 11 aka gina da sanin wane aiki za a tura wa wanne. Mai irin wannan in ya ce maka 11 ta fi, ba cika baki yake ba. Sai masu gem, su VBS ɗin nan da na faɗa yana iya ɗan rage musu, har Microsoft ta fitar da bayanin yadda ake kashe shi ga mai so.

Akwai kuma wani nauyi da ma'auni ba ya kamawa amma hannu na ji. Ka danna dama a kan fayil, maimakon jerin da ka saba sai wani gajere ya fito, abin da kake nema yana ƙarƙashin Show more options, danni biyu kenan a inda da ɗaya ne. Taskba, wato layin nan da alamomin manhajoji ke jere a kai, an kafe ta a ƙasa, waɗanda suka saba kai ta gefe ko sama suka rasa yadda za su yi. Jawo fayil ka sake shi a kan taskba ma da farko cire shi aka yi, sai a fitowar 22H2 ta 2022 aka dawo da shi. File Explorer kuma mutane da dama suna kukan yana ɗan jan ƙafa kafin ya buɗe. Duk waɗannan ba za su fito a lissafin gudun firosesa ba, amma mutumin da ke zaune gaban kwamfuta tun safe har dare yana buga takardun mutane shi a wurinsa wannan shi ne gudu, kuma yana da hujja.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne tallan da kamfanin ya yi a tsakiyar 2025, inda ya ce kwamfutocin Windows 11 sun fi na Windows 10 gudu har ninki 2.3. Da aka duba ƙananan rubutun ƙasa sai aka ga ai Windows 10 ɗin a kan Intel jenareshan na 6 da 8 da 10 aka gwada ta, ita kuma 11 a kan na 12 da 13. Kamar ka sa sabon babur tsere da wanda ya shekara takwas yana acaɓa ne, sabon ya wuce, sai ka ce ai fentin ne ya sa. Injin ne ya bambanta. Irin wannan tallan shi ke sa ko an zo da gaskiya daga baya mutane su ƙi saurara.

Toh mu dawo kan wanda ke cewa ta kashe masa kwamfuta, domin shi ne ya fi yawa a wajenmu. In ka bincika, sau tari za ka samu abu biyu: RAM 4GB, da tsohon faifai mai juyawa wato HDD. Wancan 4GB da Microsoft ta rubuta, iyakar abin da zai sa ta tashi ne kawai, ba wanda zai sa ka ji daɗin aiki ba. Windows ɗin kanta ta cinye babban kaso tun kafin ka taɓa komai, ga Defender mai farautar mugayen manhajoji na bincike, ga afdet na sauka a ɓoye, ga OneDrive da Widgets da Copilot kowa na neman rabonsa, sai ka buɗe Chrome da shafi biyar, RAM ta cika, Windows ta koma ajiye rarar a kan faifai, faifan kuma mai juyawa ne da allura ke bin sa tana nema, shi ne za ka buɗe Task Manager ka ga disk ya maƙale a 100% komai ya tsaya cak. Wannan ciwon Windows 10 ma tana yin sa a irin wannan kwamfutar, 11 dai ta ɗan ƙara masa gishiri ne. Maganinsa kuma sananne ne wajen duk mai gyara: a sa SSD, wato faifan zamani mai sauri da ba ya juyawa, a ƙara RAM ta kai 8GB. Ni dai ban san wani kuɗi da mutum zai kashe wa tsohuwar laftof ya ga amfaninsa nan take kamar na SSD ba.

Game da karɓuwa kuma, alƙaluma sun nuna mutane ba su yi rububinta ba. A lissafin kamfanin ƙididdiga na Statcounter sai a watan Yuli 2025 Windows 11 ta wuce Windows 10 a duniya, kusan shekara huɗu kenan da fitowarta, wata uku kacal kafin a rufe 10, kuma kyauta ake ba da ita fa. A wajen masu gem na dandalin wasanni na Steam ta riga ta wuce tun 2024, wanda ba abin mamaki ba ne tunda su ne masu yawan canja kaya. Masu kare 11 suna cewa ai haka mutane suke, kowace sabuwa sai an zage ta, an zagi XP da farko, da aka zo rufe ta a 2014 aka yi ta kuka, haka Windows 7 a Janairun 2020. Gaskiya ne. Amma wannan karon akwai bambanci, domin ɗimbin waɗanda ba su koma ba, ba ƙi suka yi ba, hana su aka yi. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin kwamfutoci kusan miliyan 240 ne za su iya zama shara saboda wannan sharaɗin, kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau.

Kuma ina kake tsammanin za su nufa? Nan fa. Ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka in suka sauke tsofaffin laftof, kwantena ake cikawa da su, su sauka Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja, su iso Banex a Abuja da Beirut Road a Kano da sauran kasuwanninmu. Su HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460, duk jenareshan na 6 ne, 840 G4 da Latitude 7480 na 7, ga tsohuwar Folio 9470m da ɗalibai ke so wadda ita ta 3 ce ma. Kaya ne masu ƙarko, ba wanda zai raina su, amma babu ɗaya a cikinsu da ke cikin jerin Windows 11. Ɗalibi zai tara kuɗinsa da ƙyar, ko uba ya sayar da wani abu ya saya wa 'yarsa da ta samu jami'a, a kunna masa ya ga Windows 11 tana walƙiya a allo ya ɗauka ya sayi ta zamani, bai san ta bayan gida aka shigar da ita ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar, mai sayarwa ya sani, mai saye bai sani ba.

Shigarwa ta bayan gidan ba wani sirri ba ne, akwai ƙaramar manhaja mai suna Rufus da ake haɗa filashin ɗora Windows da ita, tana da wurin da za ka yi alama ta tsallake binciken TPM da RAM, kuma kwamfutar za ta yi aiki, sau da yawa lafiya lau in akwai SSD da 8GB. Ban ce haramun ba ne, ga wanda ya san abin da yake yi mafita ce. Sai dai a san sharaɗin: Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ba irin wannan kwamfutar afdet ba. A aikace na wata-wata yakan zo, amma babban na shekara ba ya zuwa da kansa, kuma kowace fitowa ta Home da Pro wata 24 ake kula da ita, ka ga kenan in ba ka koma an sake ɗora maka sabuwa da hannu ba, wata rana za ka wayi gari kana kan Windows 11 da ita ma an daina yi mata facin tsaro, wato afdet ɗin da ke toshe ɓarakar da ɓarayi ke bi, kai ba ka sani ba. Kuma ƙofar tana iya rufewa, 24H2 da ta fito a Oktoban 2024 sam ba ta tashi a kan tsofaffi irin su Core 2 Duo, duk dabarar da za ka yi.

Sai batun akawun, wanda shi ma a wajenmu nauyinsa daban ne. Windows 11 tana so lokacin saita ta a karon farko sai da intanet da akawun ɗin Microsoft, da farko Home ce kaɗai, daga baya har Pro, kuma kamfanin yana ta toshe hanyoyin da ake bi a kauce. Wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa ba zai gane abin da ake ji ba, amma mai sayen data da gigabait ya sani, fayil ɗin ɗora ta kaɗai ya haura 5GB, ban da afdet ɗin da za su biyo baya. In kana haɗawa da wayarka ka shiga setin na Wi-Fi ka kunna Metered connection, zai rage mata ci. Abin da ya fi data haɗari kuma shi ne BitLocker: daga 24H2, in aka yi sabuwar ɗorawa aka shiga da akawun, Windows takan kulle faifan da kanta, ta ajiye makullin mai lamba 48 a cikin wancan akawun. Yanzu ka ɗauka yaron shago ne ya buɗe maka akawun da wani imel da shi kansa ya manta fasuwod ɗinsa, bayan shekara bod, wato babban allon cikin kwamfutar, ya lalace aka canja, ko aka taɓa BIOS, kwamfuta ta tashi da shuɗin allo tana neman lamba 48. Furojet ɗinka na ƙarshe a makaranta, lissafin shago, hotunan biki, duk suna ciki, kuma ba mai gyaran da zai iya fasa wannan kullen. Don Allah duk mai Windows 11 ya tabbatar akawun ɗin nasa ne, ya shiga ya kwafe makullin a takarda ya adana.

Maganar Recall, wato abin nan da ke ɗaukar hoton allonka a kai a kai don ka iya neman abin da ka yi a baya, ta jawo babbar hayaniya a 2024 har aka ɗage shi, aka dawo da shi a 2025 sai wanda ya kunna da kansa. A kwamfutocin Copilot+ kaɗai yake aiki, masu guntun basirar na'ura da RAM 16GB, don haka yawancinmu bai ma shafe mu ba tukuna.

Wanda ke kan Windows 10 kuma yana cewa ai tawa tana aiki lafiya me zai sa in motsa, eh za ta ci gaba da aiki, ba wanda zai kashe maka ita. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro, duk ɓarakar da aka gano bayan Oktoban 2025 a buɗe za ta zauna, kuma ɓarayin intanet sun san da haka. An ga irin ɓarnar da kwamfuta mara faci ke jawowa a watan Mayu 2017 lokacin WannaCry, da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. In kana shiga banki ko kana ajiye bayanan kwastomomi a kwamfutar, wannan ba abin wasa ba ne. A 2025 Microsoft ta ba da ƙarin wa'adin faci na shekara ɗaya da ake kira ESU, zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko ka biya dala 30, ko ka samu kyauta in ka yarda ka haɗa setin ɗinka da akawun ɗin Microsoft, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, da sharaɗin Windows 10 ɗinka fitowar 22H2 ce. Kamfanoni su dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, kuma yana ninkawa duk shekara har shekara uku. Mutanen Turai da ƙungiyoyin kare masu saye suka tsaya musu an sassauta musu sharaɗin, mu kuwa ba wanda ya yi magana da yawunmu.

Linux, wato wani tsarin da ake ɗorawa a madadin Windows, ma hanya ce, kuma ta fi yadda ake zato sauƙi yanzu, Linux Mint da Zorin OS an yi su ne da kamannin da mai Windows zai gane, kyauta ne, suna tafiya sumul a kan jenareshan na 4 da na 6, kuma ana ci gaba da yi musu faci. Ga wanda aikinsa burauza ne da rubutu da kallon darasi, ko mai koyon furogiramin, ina ba da shawararta ba tare da shakka ba. Amma ba zan yaudari mai shagon buga takardu ba, CorelDraw da Photoshop ba su da na Linux, LibreOffice yana buɗe fayilolin Word amma wani lokacin tsarin shafi yakan goce, kuma sai ka gwada firintarka da sikana ka ga ko za su yi kafin ka goge komai. Irin wannan shagon gara ya bar kwamfutar zane a kan 10, ya cire ta daga intanet, ya riƙa lura da filashin da kwastomomi ke kawowa.

In kuma yanzu za ka shiga kasuwa, kar ka tsaya a jin "Core i5 ce" ko "Core i7 ce", wannan ba ya gaya maka komai. Ka sa a buɗe maka Settings, System, About, ka karanta lambar da idonka. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce jenareshan: i5-6300U ta 6 ce, i5-7200U ta 7, i5-8250U ta 8, in kuma ta fara da 1 kamar 10210U to lambobi biyun farko ne jenareshan, wato ta 10 ce. Tsallen daga 7 zuwa 8 ma ba na takarda kaɗai ba ne, i5-7200U ƙwaya biyu gare ta, i5-8250U huɗu, shi ya sa i5 ta 8 takan doke i7 ta 7 a irin waɗannan siraran laftof ɗin. EliteBook 840 G5, Latitude 7490, ThinkPad T480, in dai masu jenareshan na 8 ne, daga nan layin ya fara. In kuɗinka bai kai nan ba kuma dole sai ka sayi ta 6 ko ta 7, ba laifi ka saya, amma ka gaya wa mai shagon ka san ba ta cikin jerin Windows 11, a yi cinikin a kan haka, rarar da ka samu ka sa mata SSD.